Gurasa Biyu a Majalisar Rayis Tambolat

Ni Rabi'atu, shekara goma sha bakwai na yi ina riƙe da muƙamin wazirin abinci na wata ƙasa da ban taɓa sa ta a ido ba, kuma har yau in aka ce in nuna inda take, ban san ko gabas zan miƙa hannu ko arewa ba. Ku yi dariyarku, ba komai. Mutanen unguwarmu Tandabawi, a nan Makka, sun riga ku.

Mai ƙasar shi ne Rayis Tambolat, wato shugaban ƙasa Tambolat, wani dogon tsoho fari sol mai gashin baki, wanda ya kama hayar ɗakin kan soronmu tun motoci ba su yi yawa a Makka ba. Mutanen gari suna ce masa Basharkase, sunan wata ƙabila maƙwabciyar tasu, shi kuma ya ja ya tsaya a tsakiyar hanya yana musu da su: "Osetiya! Osetiya!" Wai wata ƙasa ce can cikin duwatsun Kafkas, inda ruwa ke daskarewa a cikin randa. Hularsa ta fatar tunkiya ce da gashinta, baƙa ƙirin, kuma a zafin Makkan nan da ko ƙadangare ke neman inuwa, ba ya cire ta sai zai yi alwala ko zai ɗaura harami. Sana'arsa wasa wuƙa a bakin kasuwa. In layya ta matso har layi mahauta ke yi masa.

Hausa kuwa a bakina ya koye ta, ina tuya yana zaune kan matakala. Shi ya sa za ka ga ƙaton mutum da gashin baki kamar tsintsiya, in ya yi tuntuɓe ya dafe ƙirji ya ce, "Wuuu, ni 'yasu!" Maigidana, Malam Mahmudu, Allah ya jiƙansa, yanzu da ba ya nan na iya kama sunansa, ya sha yi mini faɗa kan na lalata wa bawan Allah baki. To ni na ce ya saurare ni?

Labarin mulkinsa na ji shi ya fi sau ɗari, ga shi kamar yadda yake ba da shi. Ɗan makiyayi ne, ya yi karatu ya zama malamin makaranta. Da aka tumɓuke sarkin Rasha, mutanen kwarinsu suka ce su ma za su kafa gwamnati. Manyan gidaje biyu suka kasa yarda da juna, sai aka ɗauko Tambolat aka naɗa, saboda shi kaɗai ke da agogo da kwalbar tawada. Ya sa aka sassaƙa hatimi. Ya raba filayen kiwo. Ya kafa doka kada akuya ta ƙara shiga majalisa. Ya tara mutane suka gina gada a kan kogin da ke cin musu jakuna duk shekara. Daga nan sojojin jar tuta suka hau dutse, gwamnati ta watse, ya gudo ta Istanbul da hatimin a cikin takalmi.

"Kwana arba'in da ɗaya," haka yake rufewa, da yatsa a sama. "Da ɗaya, Waziri. Kada ki manta da ɗayan."

Gwamnatin ba ta mutu ba, in ji shi, hijira ta yi. Duk Alhamis bayan la'asar ake zaman majalisa a tsakar gidanmu. Malam, da yake saida ruwa yake yi da garwa biyu a kafaɗa, shi ne wazirin ruwa da jiragen teku, ƙasar kuwa ba ta da teku. Idris maƙwabcinmu, tsohon mai raƙuma da motoci suka kashe wa kasuwa, shi ne wazirin yaƙi, don muryarsa tana kaiwa unguwa uku. Ni kuma aikina in yi gurasar ƙasarsu: a murza ƙulli, a cusa cuku a ciki, a faɗaɗa ta da tafin hannu, a gasa a kasko, a shafe ta da man shanu. Guda uku ake ɗorawa, ɗaya kan ɗaya. Sau nawa ina tambayarsa me ya sa lallai sai uku? Sai ya ɗaure fuska ya ce, "Doka ce." Na ɗauka irin dokar akuyar nan ce. Su Malam dai gurasar ke kai su majalisa, ba kishin ƙasa ba.

To, Rayis yana da abokin gaba guda ɗaya a duniya, Elmurza, madugun adawa a waccan majalisar. A gidan Elmurzan ma ake zaman, don shi ke da dogon teburi. Sau goma sha biyu yana fushi yana ficewa daga majalisa, kuma in ya fita ba shi da inda za shi, sai ya tsaya a tsakar gidansa cikin ƙanƙara yana leƙen su ta taga. Shi a wani ƙauyen Turkiyya ya yada zango. Duk shekara sai ya ba alhazai wasiƙa su kawo, shafi huɗu na zagi, a bayanta an rubuta: "Zuwa ga malamin makaranta Tambolat." Bai taɓa rubuta Rayis ba. Kuma ko wace wasiƙa a ƙarshenta sai ya ce kwana arba'in aka yi cif. Rayis ya yi sati yana rubuta amsa, ya danna mata hatimi har uku.

Abin yana ba mu dariya, amma shi yana cin sa. Wata rana yana wasa mini wuƙa ya ce, "Waziri, ku nan kun yarda da ni ne don kuna da kirki. Wanda ya gani da idonsa, saura mutum ɗaya, shi kuma ya ce ba a yi ba. In na mutu a haka, mai wasa wuƙa aka binne." Na ce ya yi a hankali kada ya yanke.

Shekara uku bayan an gama babban yaƙin Turawa na biyu, sai ga wasiƙa gajera. Elmurza zai zo aikin hajji. Ya ce ranar Alhamis kafin a fita Arfa zai iso gidanmu, ya ga gwamnatin da ake cika masa baki da ita.

Ya Latifu! Kwana shida ba mu huta ba. Aka share tsakar gida kamar za a lashe. Aka aro kujera mai hannu. Aka yi ta gwajin zama, kuma duk gwajin da aka yi sai Malam ya dubi Idris, Idris ya dubi Malam, su tuntsire da dariya. Rayis ya fusata ya kafa sabuwar doka: in baƙo ya shigo, ba magana, ba dariya, ba kallon juna. Kowa ya sunkuyar da kai ya harɗe hannu a ciki. Shi kuma zai zauna a sama ya bar Elmurza ya yi jira, don shugaba ba ya riga ɗan adawa zama. Ni ce zan hau in sanar da shi in jiran ya isa.

Ranar na tashi da ƙafar dama. Cukun garin Ɗa'if na samu mai kyau, gurasa uku suka fito jawur, ƙamshi ya cika lungu. Ina cikin shafa musu mai sai na ji numfashi a bayana. Baraka ce, matar Idris, cikinta wata takwas, ta jingina da bango, ido ya ƙafe a kan faranti.

"Yaya Rabi, sannu da aiki. Ba komai, wucewa nake yi."

Wucewa ina? Gidanmu ƙofa ɗaya gare shi. Na ga tana haɗiyar yawu. Yanzu ku gaya mini, wace 'yar Hausa ce za ta hana mai ciki abin da ta ji ƙamshinsa? In yaro ya fito da tabon gurasa a goshi, wa za a nuna? Na ce bari in yaga mata gefe, sai na ga gurasa mai ɓalli a gaban baƙo ai abin kunya ne. Na ɗauke ta sama sukutum na naɗe mata a gefen zane, na ce, "Yalla, je ki ci, Allah ya raba lafiya." Cuku ya ƙare, ƙulli ya ƙare. Na ce a raina tsofaffi biyu da haƙoransu ba su kai goma ba in an haɗa, biyu ma ta yi musu yawa.

Abin da ban sani ba, kuma Rayis ya yi shekara goma sha biyar bai buɗe baki ya gaya mini ba don ba ya son ambaton mutuwa, shi ne a ƙasarsu gurasa uku ta masu rai ce da farin ciki. Gurasa biyu ba a ajiye ta sai a gidan da aka yi rasuwa.

Na ɗora biyun a kan teburi. Hular Rayis tana hannuna tun safe, ya ba ni in kakkaɓe mata ƙura, sai na ajiye ta a kan kujera mai hannu kafin in kai masa. Na kunna turaren wuta saboda ƙuda. Ban ankara ba aka yi sallama.

Wani guntun tsoho ne ya shigo, mai ƙiba, ja kamar gauta, da sanda, ya ɗaga hanci sama da shirin faɗa. Ya tsaya. Ya dubi Malam da ya sunkuyar da kai ya harɗe hannu. Ya dubi Idris, wanda dama ciwon ido ke damunsa, hawaye na bin kumatunsa ba dare ba rana. Ya dubi hayaƙin turare. Ya dubi hula a kan kujerar da ba kowa. Sannan idonsa ya sauka a kan faranti. Na ga ya sa yatsa ya ɗaga ta sama, ya leƙa ƙarƙashinta, ya sake leƙawa.

Sandar ta faɗi. Mutumin nan ya ɗora hannu biyu a ka ya kurma wani irin ihu da tantabarun kan soro suka watse.

Wazirai ba su motsa ba. An ce ba magana, kuma ranar ce kaɗai a tarihin gwamnatin nan suka bi doka. Ni kuwa na kwasa da gudu na hau matakala, na yi kiciɓis da Rayis a tsakiya, kai ba hula, ya matse cikin tsohuwar rigarsa mai aljihunan harsashi a ƙirji, maɓalli biyu sun ƙi shiga. Yana leƙe ta hudar bango.

"Rayis, baƙonka ya haukace!"

Ya damƙe hannuna. "Waziri, gurasa nawa kika ajiye?"

"Biyu. Baraka ce ta..."

"Wuuu, ni 'yasu! Kin kashe ni!"

"Kamar yaya na kashe ka? Ga ka a tsaye!"

A nan kan matakala, cikin raɗa, ya gaya mini ma'anar biyu. Haushi ya taso mini. Na ce, "Shekara goma sha biyar kana ce mini doka, doka, bakinka ciwo yake yi? Sauka ka nuna masa kana da rai, kafin bawan Allah ya shiɗe mana a gida ana jibi Arfa!"

Ya ɗaga ƙafa zai sauka, sai ya tsaya cak. A ƙasa Elmurza ya daina ihu. Ya miƙe tsaye gaban kujerar, ya cire tasa hular ya riƙe a ƙirji, ya soma magana da yarensu, a hankali. Ashe haka suke yi, babba ya tsaya ya faɗi halin mamaci.

"Dakata," in ji Rayis. "Bar ni a mace tukuna."

"A'uzubillahi! Wace irin magana ce wannan?"

"Kaɗan kawai, Waziri. Don Allah."

Shekara ashirin da wani abu kunnensa bai ji yarensu daga bakin wani ba. Ya zauna a kan matakala, ya manna kunne a bango, yana juya mini da Hausa ba tare da ya san yana yi ba.

"Ya ce ni ɗan makiyayi ne, na tafi makaranta da takalmin yayana... Gaskiya ne. Ya ce na fi kowa taurin kai a duwatsu bakwai. Ya ce dokar akuya doka ce mai kyau, akuyarsa ce ma ta cinye takardar haraji, bai taɓa faɗa ba. Kin ji munafuki! Ya ce da na raba filayen kiwo, gidanmu na ba wa mafi duwatsu..."

Na zungure shi. "Me ya ce?"

"Gada."

"Me ya samu gada?"

Da ƙyar ya faɗa. Wannan ɓangaren bai taɓa ba mu shi ba a duk labaransa. Ranar da sojoji suka hau dutse, shi ya tsaya a bakin gadar har mata da yara da tumaki suka gama hayewa, sannan ya sa mata wuta da hannunsa, gadar da ya yi wata guda yana ɗaukar mata itace a kafaɗa. 'Ya'yan Elmurza huɗu suna cikin waɗanda suka haye. Ƙaramar, Rayis ne ya goya ta.

"Ya ce shekara talatin yana so ya ce na gode, girman kai ya hana shi. Ya ce..." Ya juyo ya dube ni. "Ya ce Rayis. Waziri, kin ji? Rayis ya ce. Sau biyu!"

Na ji kam, wannan kalmar ba ta bukatar tafinta. Hawaye suka zubo mini, ga haushi ga tausayi. A ƙasa Malam, da bai san me ake ciki ba, ya ga baƙo na kuka, shi ma ya fashe da kuka don kara. Idris dama nasa a shirye suke. Maƙwabta suka soma leƙowa. Wata tsohuwa ta shigo tana salati tana tambayar yaushe za a yi wanka.

Ni da na ce a bar shi haka ya sauko cikin mutunci, su rungumi juna. Ina! Elmurza ya share hanci, ya ɗaga hannu sama ya ƙara wata magana guda. Na ga wuyan Rayis ya kumbura.

"Me ya ce kuma?"

"Ya ce ƙasa ba ta taɓa ganin kwana arba'in irin nawa ba."

"To ai yabo ne."

"Arba'in ya ce!"

Kafin in riƙe shi ya dira tsakar gida, maɓalli na uku ya tsinke ya bugi garwar Malam, ya daka tsawa da Hausa, don a ruɗe ya manta da wane yare zai yi faɗan: "Da ɗaya! Arba'in da ɗaya, la'ananne!"

Tsohuwar nan ta zubar da takalmi ta yi waje. Elmurza ya zauna daɓas a ƙasa, baki buɗe. Malam ya yayyafa masa ruwa, aikinsa na waziri na farko ke nan tun da aka naɗa shi. Da mutumin ya dawo hayyacinsa, ya rarrafa ya taɓa ƙafar Rayis ya ji ta da ɗumi, sai ya lalubo sandarsa. Wallahi da idona na ga tsofaffi biyu suna zagaya teburi, ɗaya da sanda ɗaya da hula, suna zage-zage da yaren da ba mai ji. Wazirin yaƙi ya shige bayan randa.

Da suka gaji suka zauna suna haki. Elmurza ya nuna faranti, ya nuna ni, ya yi tambaya da gurguwar Larabci: ina ta ukun? Na aika aka kira Baraka. Ta shigo da maiƙo a baki da ciki a gaba. Ya dube ta, ya dubi cikin, sai ya soma dariya har yana tari, ya ce wa Rayis wani abu.

"Wai ta ukun tana nan," in ji Rayis, "ta shiga inda ya fi dacewa. Wai a zauna a ci, da ita a teburi lissafi ya cika."

Aka ci. Rayis ya ce a rubuta a littafin majalisa cewa madugun adawa ya ce Rayis sau biyu gaban shaidu. Elmurza ya ce ga mamaci ya faɗa, kuma tunda mamacin ya ƙi mutuwa, ya janye. Ya yi fushi ya fice daga majalisa, ya tsaya a lungu cikin rana, sannan ya dawo don bai san hanyar masaukinsa ba. A ɗakin kan soro ya ƙare zamansa na Makka. Tare suka fita Arfa, suna musu a kan raƙumi ɗaya. Baraka ta haifi namiji, goshinsa sumul.

Da shekara ta zagayo wasiƙa ta zo kamar kullum, shafi huɗu na zagi. Amma a bayanta an rubuta "Zuwa ga Rayis", da ƙananan baƙaƙe can a kusurwa, kamar wanda aka shaƙe ya rubuta. Kwana uku Rayis yana yawo da ita a kasuwa yana nuna wa mahauta.

Ta shekarar da ta biyo ba rubutun Elmurza ba ne. 'Yarsa ce ta rubuto, ƙaramar nan da aka goya. Ranar Alhamis ce, ina tsugune gaban kasko na riga na raba ƙulli. Ya sauko da takardar a hannu, kai ba hula, ya tsaya a kaina.

"Waziri, yau biyu za ki yi."

Na gasa biyu na ɗora a teburi. Malam da Idris suka sunkuyar da kai, wannan karon ba wanda ya sa su. Rayis ya tsaya gaban kujerar aro da har yau ba mu mayar ba, ya riƙe hula a ƙirji. Ya fara da yarensu, ya yi jimla biyu, ya duba ya ga ba mai ji, sai ya koma Hausa, irin tawa ta bakin murhu. Ya ce Elmurza mutum ne mai baƙin taurin kai. Ya ce teburinsa dogo ne kuma bai taɓa hana kowa zama a kai ba. Ya ce sau goma sha uku ya fita, har da na gidan nan, sau goma sha uku ya dawo.

"Wazirin yaƙi, rubuta," ya ce. Idris bai iya rubutu ba, amma ya ɗauki alƙalami. "Rana ta arba'in da ɗaya a cikin amalanken ciyawa na yi ta, kwance, da hatimi a takalmi. Ban mulki kowa ba ran nan. Jakin ma ba ya jin maganata. Kwana arba'in ne. Shi ke da gaskiya."

Ya danna hatimi a kan farar takardar, ya zauna, ya gutsuri gurasa ya mayar kan faranti.

Na koma bakin murhu don kada su ga fuskata. Ƙulli na uku yana nan cikin akushi, don hannuna ya riga ya saba. Na rufe shi da faifai, na zauna ina kallonsa, ban san abin da zan yi da shi ba.